Ranar da Mai Ƙararrawa Ya Soke Numfashi

A wata makarantar sakandare akwai wani mutum da aikinsa buga ƙararrawa. Shekara ashirin da biyu yana wannan aiki, har hannunsa na dama ya fi na hagu kauri. Kowa Mai Ƙararrawa yake ce masa. Shi kuwa ya fi son a ce Farfesa, sai dai duk faɗin makarantar babu mai kiransa haka sai shi da kansa, idan yana ba da labarin kansa, abin da yake yi daga safe har a tashi.

Ga inda ɓarnar take. Tsakanin ƙararrawa da ƙararrawa ba shi da abin yi, sai ya je ya jingina da tagar wani aji yana saurare. Ita kuwa ƙararrawar tana rataye can ƙarshen baranda, kusa da ofis, don haka dole ya bar taga saura minti biyar a tashi. Ka ga ke nan mutumin nan ya ji farkon kowane darasi da ake koyarwa a duniya, amma bai taɓa jin ƙarshen ko guda ba. Ya san yadda yaƙe-yaƙe suke farawa, bai san wanda ya ci ba. Ya san sinadaran da ake haɗawa, bai san waɗanda suke fashewa ba. Da wannan guntun ilimi yake tafiya yana turo ƙirji, yana shafa gashin bakinsa da yake ji da shi kamar gonar gado.

Ana nan sai tsohon da ke kula da ɗakin gwaji ya yi ritaya. Aiki ne mai farar riga, da kujera, da fanka, da tarin makullai a ƙugu. Mai Ƙararrawa ya daɗe yana haɗiyar miyau a kan wannan aiki. Ko sallama bai gama ba ya faɗa ofishin Shugaban makaranta.

"Ranka ya daɗe, na zo karɓar makullan."

"Makullan me?"

"Na ɗakin gwaji mana. Ai ba sai an wahalar da kowa da neman mutum ba, ga ni."

Shugaba ya sauke tabarau ya dube shi. "Ina takardarka ta kimiyya?"

"Takarda ai ta masu mantuwa ce, ranka ya daɗe. Ni a ka nake riƙewa."

Shugaba mutum ne da ba ya son doguwar magana kafin ya sha shayi. Don ya rabu da shi ya ce, "To, ka nuna mana wani abu da ka iya. Malamar kimiyya ce za ta zaɓi wanda take so, bayan ranar wasanni. Ja mini ƙofa."

A kunnen Mai Ƙararrawa wannan alkawari ne. Ya fito yana gaisawa da mutane da yatsa biyu.

Washegari ya kafa gwiwar hannu a tagar ajin Malamar kimiyya. Ta zana wani abu mai kama da ƙwai a allo, tana cewa jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kuma kowace ƙwaya tana bukatar ƙarfi. Abincin da muka ci yana komawa suga, jini ya kai wa ƙwayoyin, su kuma su yi amfani da iskar da muka shaƙa su fasa sugan nan su fitar da ƙarfin da ke ciki. Wannan ne dalilin numfashi.

"Amma akwai hanya ta biyu," in ji Malama. "Ƙwaya tana iya fasa suga ba tare da iska ba. Yis ɗin da ake sa wa burodi haka yake yi. Naman ƙafarku ma haka yake yi idan kun zuba gudu da ƙarfi. Kuma wannan hanyar ta fi ta farko sauri."

Mai Ƙararrawa ya dubi agogo, saura minti biyar. Ya saki taga ya nufi baranda, kansa na wuta. Ba tare da iska ba! Kuma ta fi sauri! Ashe duk shekarun nan 'yan Adam ɓata lokaci suke yi da numfashi, babu wanda ya lura sai shi. Ranar ya buga ƙararrawar nan har sai da tattabarun kan rufi suka watse.

Don kada a ce bai yi bincike ba, ya tare Malama a hanya lokacin hutun tara.

"Malama, tambaya ɗaya tsakanin masana. Da gaske ne naman ƙafa yana fitar da ƙarfi ba da iska ba?"

"Gaskiya ne, amma..."

"Kuma ya fi sauri?"

"Ya fi sauri, amma ka tsaya ka ji..."

"Lokaci ya yi, Malama. Sai kin ga abin mamaki."

Ya bar ta da "amma" a baki.

A gida ya tarar da matarsa tana wanke robobi. Yogot take haɗawa tana kaiwa makarantar tana sayar wa yara lokacin tara, shi ya sa kowa ke ce mata Maman Yogot. Mace ce mai aiki da hannu da kuma baki, kuma duk biyun ba ta kuskure.

"Ke, daga yau ki fara koyon zama da babban mutum. Na gano abin da zai girgiza duniya."

"Allah ya sa ba irin na bara ba ne, da ka gyara mana rediyo ya koma ba ya kama komai sai ƙara."

"Numfashi ba dole ba ne."

Ta ɗago ta dube shi, ta ci gaba da wanki. "To ka daina mu gani. Ko ba komai ma huta da minshari."

"Jahilci! Ke me kika sani ban da madara?"

"Na san idan na rufe ta ruf na bar ta, tsami take yi. Kai ma ka rufe kanka ruf ka gani."

Ya yi tsaki ya shige ɗaki. Da mace za a yi maganar kimiyya?

A ranar wasanni, kowace shekara, akan yi gudun miƙa sanda tsakanin malamai da sauran ma'aikata, mutum huɗu huɗu, kowa ya zagaye fili sau ɗaya. Kuma kowace shekara malamai ke ci, su yi wata guda suna tsokana. Nan Mai Ƙararrawa ya ga ƙofarsa. Ya tara mutanensa a bayan kicin: Direban motar makaranta, da Kuku mai tumbi, da Baba Maigadi, dattijo mai shekara sittin da ba ya rabuwa da carbi.

"Kun san abin da ya sa suke cin mu? Numfashi. Kana gudu kana shaƙa, kana fitarwa, kana shaƙa. Aiki biyu a lokaci ɗaya! Mota tana tafiya ana zuba mata mai, Direba?"

"A'a, sai an tsaya."

"To ka gani."

Kuku ya sosa ƙeya. "Ni fa tun da aka haife ni nake yi, ban taɓa jin ya dame ni ba."

"Sabo ne kawai. Za mu cire maka shi."

Baba Maigadi ya ce, "Yaro, wanda duk na gani ya daina numfashi, wanka aka yi masa."

"Waɗancan ba su sha suga ba, Baba."

Aka yi gwaji nan take, daga ƙofar kicin zuwa famfo, taku talatin. Direba ya tauna suga cokali uku, ya riƙe numfashi, Kuku kuma aka bar shi ya yi ta shaƙar iskarsa. Direba ya isa famfo Kuku bai kai rabi ba. To da ma ko barci Direba yake yi zai wuce Kuku, kuma taku talatin ko akuya ta riƙe numfashi za ta kai. Amma wa zai faɗa wa Mai Ƙararrawa? Ya daka tsalle ya ce kimiyya ta yi magana. Su ma mutanen nasa, da yake sun gaji da shan kashi, suka fara kallonsa da wani ido.

Kwana biyu da fara horo ya gane akwai munafukai a cikin tawagarsa. Kuku ya rufe baki amma hancinsa na aiki kamar zugazugi. Mai Ƙararrawa ya je igiyar shanyar matarsa ya kwaso abin maƙale kaya guda huɗu, ya ɗame wa kowa hanci. Sai aka kama Baba Maigadi yana satar iska ta gefen baki. Aka sayo filasta.

Ranar da aka fara gwada su tare, Kuku ya yi taku goma sha biyu, idonsa ya firfito, ya karkace ya faɗa cikin furannin gaban ofis. Shugaba ya leƙo ta taga.

"Me ke faruwa a nan?"

"Ƙarfi ne ya yi masa yawa, ranka ya daɗe. Bai saba ba."

Direba ya ce shi ƙafarsa zafi take yi kamar an zuba barkono a ciki. Mai Ƙararrawa ya ce ai injin da ke aiki dole ya yi zafi. Amma don a rage musu wahala ya ce daga yau ba za a ƙara sa filasta ba sai ranar, kada a ƙarar da ƙarfin a banza.

Sai kuma wata dabarar ta faɗo masa. Malama ta ce yis ma yana fitar da ƙarfi daga suga ba da iska ba. To me zai hana a bar yis ya yi aikin tun a waje, a tara ƙarfin a jarka, mutum ya sha abinsa a shirye? Ya sa Kuku ya ɗebo masa yis daga kayan burodin makaranta. Ya kwashe sugan yogot ɗin matarsa kaf, ya dama da ruwan ɗumi a jarka biyu, ya murɗe murfi tam, ya jera su a rana a bayan ɗaki. Ya sa masa suna ruwan ƙarfi.

Maman Yogot ta dawo ta tarar da buhun suga a kwance kamar tsumma. Ta bi sawun suga har bayan ɗaki.

"Maigida, sugana ne a cikin jarkokin nan?"

"Ki ce sugan tarihi."

"Ka sassauta murfin nan. Abin da aka sa wa yis kumbura yake yi."

"In sassauta ƙarfin ya gudu? Kin ji irin taku."

Da yamma jarkokin suka fara ciki. Washegari suka zama kamar masu wata tara, suna wani ɗan huci, sssss, ta gefen murfi. Tela maƙwabcinsu ya ji hucin ta katanga, ya fito da taɓarya yana ihun maciji. Kafin ka ce me, tsakar gida ta cika da mata da yara, kowa da sanda. Mai Ƙararrawa ya tsaya gaban jarkokinsa ya ware hannu.

"Ku ja da baya! Wannan ƙarar da kuke ji, ƙarfi ne yake neman hanya."

Bai rufe baki ba murfin ɗaya ya tashi, fau! Ya bugi kwanon rufi, ya dawo ya sami Tela a goshi. Kumfa ta yi tsiri sama ta sauko a kan kayan da matar Tela ta shanya, har da mayafinta na unguwa.

"Allah ya isa!" in ji matar Tela. "Wannan wane irin wari ne kuma?"

"Warin ilimi ne, ba ki saba ji ba."

Tela yana dafe da ƙulun goshi ya ce, "Wallahi ka ƙara harbina da iliminka, sai na ɗinke maka baki da keke."

Mai Ƙararrawa ko a jikinsa. Abin da ya gani shi ne, idan ruwan nan zai iya jefa murfi har rufi, ina ga ya shiga ƙafar mutum? Ya mayar da murfin a kan rabin da ya rage, ya samo robar tayar keke ya naɗe bakin jarkokin biyu, ya ƙulle. Maman Yogot ta tsaya tana kallonsa, hannu a ƙugu.

"Ka ɗaure bakin jarka, ka ɗaure bakin mutane. Naka ne kawai ba ya ɗauruwa."

Ranar wasanni fili ya cika maƙil. An kafa rumfa an jera kujeru, ga iyayen yara, ga manyan baƙi a gaba da teburinsu mai farin ƙyalle, ga Shugaba cikin kwat yana zufa. Maman Yogot ta ajiye kularta a gefen rumfa tana ciniki. Mai Ƙararrawa ya iso da gajeren wando da farar singileti, jarka a kowane hannu. Cikakkiyar, wadda ba a taɓa buɗewa ba, ya tura ta ƙarƙashin teburin manyan baƙi, don idan an ci gasa ya fito da ita ya miƙa wa Malama a gaban kowa. Rabin kuma ya kai wa mutanensa.

Kuku ya sansana kofi ya yamutsa fuska. "Wannan fa ya lalace."

"Ya nuna dai. Shanye."

Baba Maigadi ya yi bismilla ya kafa kai. Ya ce da ɗan ɗaci amma yana ɗumama ƙirji, a ƙaro. Aka ƙara masa, aka kuma ƙarawa, ga shi ko karyawa bai yi ba.

Da aka kira gudun ma'aikata, Mai Ƙararrawa ya fizge makirufo daga hannun mai sanarwa.

"Jama'a, ku buɗe ido! Yau za ku ga abin da ba a taɓa yi ba tun da aka halicci ƙafa. Ni Farfesa, da tawagata, za mu zagaye filin nan ba tare da mun shaƙi iska ko sau ɗaya ba. Malamai kuma su yi ta numfashinsu, ba mu hana su ba. Malama, ki tanadi makullai!"

Fili ya ɗauki sowa. Malamar kimiyya ta miƙe daga kujerarta tana ɗaga hannu tana kiran a tsaya, amma ina, hayaniya ta danne ta. Aka manna filasta, aka ɗame hanci, aka busa usur.

Direba ya fita kamar an harba shi. Kafin malamin lissafi ya ɗaga ƙafa sau biyar, ya ba shi tazarar mota guda. Yara suka haukace da ihu. Mai Ƙararrawa yana tsalle yana nuna kansa da yatsa, yana "Mmm! Mmm!" ta cikin filasta, wai a dube shi.

A kwanar farko Direba ya fara gudu kamar mai taka laka. Ƙafafun suka yi nauyi, wuya ya miƙe, ido ya yi ja. Sai ruwan ƙarfi ya motsa a cikinsa. Gyatsa ta taso, ta tarar da baki a rufe, ta bi ta hanci, abin maƙale kaya ya yi sama kamar fara. Direba ya fizge filasta, ya durƙusa ya dafa ƙasa yana jan iska da ƙarar da ake ji har rumfa. Malamin lissafi ya zo ya wuce shi a hankali, har da ce masa sannu.

Kuku, wanda ke jiran sanda, ya ga abin da ya sami Direba. Bai jira nasa rabon ba, ya cire nasa filastan ya jefar, ya taka da ƙafa har inda Direba yake, ya karɓi sandar. Ya zagaye fili yana tafiya yana gyatsa, kowace gyatsa yara su amsa da "Ƙarfi!"

Ya miƙa wa Baba Maigadi. Baba, da tuni ya cire nasa filastan ya sa a aljihu, ya karɓi sanda da fara'ar da ba a taɓa ganinsa da ita ba. Ya juya ya sara wa manyan baƙi, ya sara wa tutar makaranta, ya sara wa wata bishiya. Sai ya hango wani mai babur yana shigowa ta ƙofar makaranta ba izini. Ya ɗaga sandar ya bar fili ya nufi ƙofa yana tangaɗi yana kiran, "Kai! Wa ka gaya wa?"

A lokacin malamai sun gama tuni, suna zaune suna shan lemo. Mai hankali da sai ya sulale ya tafi gida. Mai Ƙararrawa kuwa ya ga cewa mutanensa ne suka ci amanar kimiyya, kuma aikin ɗakin gwaji yana shirin kuɓuce masa. Ya ƙara filasta na biyu a kan na farko, har bisa gashin baki. Ya ƙara ɗame hanci. Ya fizgi sandar tutar kwana, ya zuba a guje shi kaɗai.

Gaskiya taku arba'in na farko ya yi kyau. Daga nan ƙirjinsa ya fara bugawa, cinyoyinsa suka kama wuta, filin ya fara juyawa. Ya kai hannu zai cire filasta, filasta ya ce bai san zancen ba. Ya saki layi, ya yi ta kewaye-kewaye kamar kazar da aka yanka, ya zo daidai gaban teburin manyan baƙi ya zube rigingine, ƙafa a sama.

Rumfa ta yi tsit. Cikin shirun nan aka ji wani abu yana huci a ƙarƙashin tebur, sssss. Wata babbar baƙuwa ta ɗaga ƙyalle ta leƙa, ta ga jarka ta kumbura ta zama kamar tulu, robar bakinta tana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Ta kurma ihu. Manya suka fara hawa kujeru, Shugaba ya rasa inda zai sa kansa.

Maman Yogot ce ta ture mutane ta shigo. Ta fara durƙusawa kan mijinta, ta cire abin hancin, ta kama gefen filasta ta fizge da ƙarfi ɗaya. Filasta ya fito da rabin gashin baki. Mai Ƙararrawa ya ja wata iska mai ƙara kamar jaki zai yi kuka.

"Shaƙa, Farfesa," ta ce. "Kyauta ce."

Ta juya ta yaye ƙyallen teburin, ta lulluɓe jarkar, ta rungume ta a hankali kamar jariri ta kai ta bakin kwata. Ta juya bakin ya kalli katanga, ta dafe murfi da tafin hannu, ta riƙa sassautawa kaɗan kaɗan tana tsayawa, har hucin ya mutu. Ta tuntsurar da ruwan a kwata, ta ɗauraye hannu. Ta sa aka kwantar da Direba a inuwa aka ɗaga masa ƙafa, ta aika a kamo Baba Maigadi a ba shi ruwa da yawa. Duk wannan bai ɗauke ta minti biyar ba. Malamar kimiyya tana tsaye tana kallonta.

Shugaba ya sauko daga kan kujera yana gyara kwat. "Wani ya yi mini bayanin wannan hauka!"

"Ranka... ya daɗe..." in ji Mai Ƙararrawa daga ƙasa, yana haki. "Malama ce... ta ce... ba sai da iska ba."

Malama ta karɓi makirufo. "Na faɗa. Sau biyu ina ce maka amma, kana guduwa. Yau tunda ba ka iya tashi, sai ka ji sauran. Idan ƙwaya ta fasa suga da iska, ƙarfin da take samu ya kai kashi talatin. Idan babu iska, kashi biyu kacal take samu. Hanyar gaggawa ce, ta ɗan lokaci kaɗan, kuma tsami ne yake taruwa a naman ƙafa har ta ƙi ɗaguwa. Wannan hakin da kake yi, jikinka ne yake neman iskar da ka hana shi. 'Yan aji uku, ba haka muka yi ba?"

Yara ɗari biyu suka amsa da murya ɗaya, "Haka ne, Malama!"

"Shi kuwa yis," ta ci gaba, "idan ka rufe shi da suga ba iska, abu biyu yake fitarwa. Iskar da ta kumbura jarkar nan, da kuma giya."

Daidai lokacin aka iso da Baba Maigadi, mutum biyu na riƙe da shi. Kalmar ƙarshe ce ta shiga kunnensa, kuma nan take tangaɗin ya sake shi.

"Me ta ce? Giya?" Ya dubi Mai Ƙararrawa. "Shekara sittin ko ƙofar da ake sayar da ita ban taɓa bi ba. Kai ɗan banza ka ɗura mini kofi uku, har ina bismilla?"

Sandar gudun tana hannun Baba har yanzu. Abin mamaki, mutumin da aka ce ba ya iya tashi sai ga shi ya miƙe. Ya zagaye filin nan cif, Baba na bin sa, Direba da Kuku na taya Baba, kuma duk wanda ke wurin ya shaida cewa bakinsa a wangale yake, yana numfashi iyakar ƙarfinsa.

Ranar Litinin ya aske sauran gashin bakin, ya fito yana ɗingishi. Kada ka ɗauka ya saduda. A hanya ya riga ya shirya abin da zai ce: gwajinsa ya yi nasara, domin ya tabbatar a gaban jama'a cewa mutum yana bukatar numfashi, kuma kafin shi wa ya taɓa tabbatarwa? Matarsa ta riga shi fita tun da sassafe ba ta ce masa komai ba, ya ɗauka fushin suga ne.

Ya miƙe kai tsaye ɗakin gwaji. Ƙofa a buɗe, fanka na juyawa, Malama na jera kwalabe a kan tebur. A bakin famfo wata mai farar riga ta ba shi baya tana wanke gilasai, makullai na kaɗawa a ƙugunta. Ya gyara murya. Ta juyo, sai ga Maman Yogot.

"Ke! Me kike yi a nan? Rigar wa kika sa?"

"Tawa ce," ta ce. "Har an rage mini hannu."

Malama ba ta ko ɗago kai ba. "Ina neman wanda ya san abin da ke cikin kwalba kafin ya buɗe, kuma yake jin magana har ƙarshe. Na samu."

Mai Ƙararrawa ya dubi makullan da ke ƙugunta. Ya ƙaƙaro murmushi. "To ai shi ke nan, duk gida ne. Da ma ni na horar da ita. Bari in shigo in nuna mata yadda ake..."

Ya ɗaga ƙafa zai tsallaka dokin ƙofa. Ta tako ta tare hanya da tsintsiyar wanke kwalba.

"Tsaya daga nan, Maigida. Aikin farko da aka ba ni ke nan, kuma har Shugaba ya sa hannu. An ce ko cokali kada in bari ka taɓa."